Hutun Shekara a Kurfai: A Bi Kalangu Ko a Jira Gari Ya Lafa?

Ma'aikaci a Nijar wata guda ne hutunsa a shekara. Ɗan kasuwar da ke Katako ko Wadata a Yamai ba shi da ko wannan, sai kwanakin da ya yanka wa kansa ya rufe shago. Ɗan bida da ke Accra, Abijan ko Legas kuwa sai ya tara kuɗin mota na zuwa da komawa kafin ya fara maganar gida. Saboda haka duk ɗan Kurfai da ke zaune nesa da Filinge tambaya ɗaya yake yi wa kansa kowace shekara: yaushe zan tashi? Daga Yamai hanyar ba ta cika kilomita 200 ba, ta Baleyara da Bonkuku, a bi Dallol Boso har a hango duwatsun da ke bayan gari. Nisa ba shi ne matsala ba. Kwanakin ne kaɗan, kuɗin ma haka.

A kan wannan mutane sun rabu biyu, kuma rabuwar ba ta tsofaffi da yara ba ce, don a kowane ɓangare akwai mai furfura. Wasu sun ce a ɗora hutu a kan biki: a zo gida da salla, ko a tsaga kwanakin a je kallon kokowar takobi, shan gishiri a Ingal, bikin Biyanu a Agadas. Wasu sun ce a kauce wa taro, a zo lokacin da gari yake a yadda yake kullum.

Kafin a saurare su, ya kamata a san cewa bukukuwan ƙasar ba agogo ɗaya suke bi ba. Ƙaramar salla, layya, Mauludi da Biyanu suna bin wata, suna matsowa baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara. Ranar 3 ga Agusta, ta samun ƴancin kai da dashen itatuwa, da ranar 18 ga Disamba, ta kafa jamhuriya a 1958, ba sa motsi. Shan gishiri yana bin ƙarshen damina, a watan Satumba. Kokowar takobi kuwa gwamnati ce ke sa mata rana, a ƴan shekarun nan galibi a ƙarshen Disamba.

Masu cewa a bi biki

Hujjarsu ta farko ba ta da kwana: zumunta a ƙafa take, kuma salla ce kaɗai ranar da ƙafafu suke haɗuwa wuri guda. Kurfai ƙasa ce da ƴaƴanta suka warwatsu tun zamanin Turawa. Wanda ya zo Cikal ko Luma a wata ranar Talata ta tsakiyar rani zai tarar da tsofaffi da mata da yara. Abokan tasowarsa ɗaya yana Kumasi, ɗaya yana Kwatano, wani yana wurin haƙar zinariya. Da layya kuwa a filin idi kaɗai zai gaisa da mutanen da in da zai bi su gida-gida sai ya ƙare hutunsa bai gama ba. A kwanakin nan ne ake ɗaurin aure saboda dangi suna kusa, a raba gado, a sasanta rikicin iyakar gona da ya shekara yana jiran wan da ke Gana. Mai wata guda tak a hannu, in ji su, ba shi da damar ɓata shi a gaishe da gidajen da masu su ba sa nan.

Sai maganar yara. Yaron da aka haifa a Yamai ko Abijan, ya tashi yana jin Zabarmanci ko Faransanci fiye da Hausar kakanninsa, me zai riƙe na gida in ba abin da ya gani da idonsa ba? Layyar yammacin Nijar abin gani ce: a feɗe raguna, a gicciye su a sanduna, a jera su kewaye da babbar wuta tun hantsi har dare, maza suna juya su suna hira, sai washegari a shiga rabon nama gida-gida. Yaron da aka aika da ƙwarya ya kai wa gwaggonsa cinya ya san gidan gwaggo har abada. Ba a koyar da wannan ta wayar salula.

Game da fita kallon bukukuwan sauran jihohi, suna kawo tarihi. Kokowar takobi an fara ta ne a Tawa a 1975, zamanin Seyni Kunce, ɗan Fandu, maƙwabciyar Kurfai ta kudu, kuma Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗaukar takobin. Da gangan aka sa ta riƙa zagaya jihohi, don ɗan Difa ya ga Doso, ɗan Tilaberi ya ga Damagaram. Yau jihohi takwas ne, kowace da ƴan kokowa goma. Wanda ya zauna a filin ya ji kirari da kiɗa, ya ga yadda jama'a suka miƙe tsaye lokacin da Isaka Isaka na Doso ya shiga fage, ya san akwai abin da talabijin ba ta iya ɗaukowa. Gani ya kori ji. Ƙasar da ta fi murabba'in kilomita miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, in ba biki ya ja mutum ba, me zai kai malamin makarantar Filinge Agadas, tafiyar kusan kilomita dubu daga Yamai, ya ga hasumiyar masallacin da UNESCO ta sa tsohon garinsa cikin kayan tarihin duniya a 2013?

Masu cewa a kauce

Waɗannan da lissafi suke farawa, kuma karin maganarsu kowa ya san ta: salla ta wuce ta bar wawa da bashi. Ana saura mako guda tasha ta cika, kujera ta yi wuya, kuɗin mota ya hau. Wanda ya sauka gida da salla ba ya sauka hannu sake: rago, ɗinkin mata da yara, turmin inna, goron salla ga duk yaron da ya durƙusa, ga maroƙa da suka ji labarin isowarsa tun bai kwance jaka ba. Abin da zai kashe a kwana uku ya isa ya sayi buhunan hatsin da za su riƙe gidan a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon hatsi bai nuna ba. Ragon ma kansa ya zama abin siyasa: a watan Mayun 2025 gwamnati ta hana fitar da dabbobi zuwa ƙasashen waje gab da layya don farashi ya sauka. Mai saye a birni ya ji daɗi; makiyayin da ya shekara yana kiwo da niyyar sayar wa fataken ƙasashen gaɓar teku a kasuwar Lahadi ta Baleyara bai ji ba.

Hujjarsu ta biyu ta fi ciwo. Sun ce mai zuwa da salla ba ya ganin gida, kwalliyar gida yake gani. Kowa ya sa sabon kaya, ko da na aro ne, tukunya tana da nama, ba mai buɗe baki ya ce rijiyar unguwa ta rufta ko ɗakin tsohuwa yana yoyo. Kunya ba ta bari. In ya tambaya, amsar ita ce: “Lafiya lau, ɗana, kai dai Allah ya yi maka albarka.” Ya koma birni da hotuna a waya yana cewa gida kalau. Da ya zo a tsakiyar damina, da ya tarar da mahaifinsa mai shekara saba'in riƙe da hauya shi kaɗai, ya ga abin da ake ci da dare. Ƙasar Kurfai ruwanta kaɗan ne, daminarta gajera, daga ƙarshen Yuni zuwa Satumba, kuma noman farko in ya kuɓuce da mako biyu ciyawa ta ci gona. Hannu ɗaya a wannan lokaci ya fi rago.

Akwai kuma waɗanda ba a cika tambaya ba. Hutun mai gida da salla aiki ne ga matan gida: daka, ɗiban ruwa, suyar nama har tsakar dare, shimfiɗar baƙi. Matar da ta biyo mijinta daga Yamai da sunan hutu takan koma ta fi gajiya da yadda ta zo. Ni dai ban taɓa jin mace ta kira kwanakin layya hutu ba.

Amsar masu biki

Sun ce lissafin nan na mai rowa ne da ya sa rigar hikima. Kuɗin da aka kashe da salla ina ya tafi? Ya shiga hannun tela da mahauci da mai kiwo da mai amalanke na garin. Buhun hatsi kuwa ba sai mutum ya ɗauko shi a ka ba: yau ana aika kuɗi ta Nita ko Amana su isa Filinge kafin a gama shan shayi. Abin da ba a iya aikawa shi ne fuska. Sannan ma'aikacin da ya shekara ashirin a ofis, wace gona zai nome? Kwana biyu zai yi hannunsa ya yi kanta, ya koma inuwar itace yana ba da umarni, a ƙara masa kwano a gidan da abinci ya yi ƙaranci. Gara ya aika kuɗin ƴan ƙwadago ya zo da salla.

Wannan amsa tana da ƙarfi, kuma masu kaucewa ba su cika samun abin mayarwa ba, sai dai su ce ba noman ne kaɗai ba, ganin ne.

Amsar masu kaucewa, a kan bukukuwan gwamnati

A nan ne suka fi zafi. Sun ce abin da ake kira shan gishiri iri biyu ne. Akwai na asali: Buzaye da Fulani Wodaɓe suna kora dabbobinsu arewa da damina, nesa da gonaki, zuwa filayen Irhazer da ke kewaye da Ingal, inda ƙasa da ruwa suke da gishirin da jikin dabba ke bukata. Wannan makonni yake ɗauka, ba shi da rumfa. Akwai kuma na kwana uku, mai jawaban ministoci da jerin motoci da kujerun manyan baƙi, inda ake tara samarin Wodaɓe su yi rawa a gaban masu ɗaukar hoto. Wanda ya ɗora hutunsa a kan ranar da aka sanar, na biyun zai gani, bayan ya biya kuɗin masauki ninki a garin da ba a gina shi don ɗaukar dubban baƙi ba.

Suka ƙara da cewa ɗan Kurfai bai kamata a yi masa burga da shanu ba. Dallol Boso da yake zaune a bakinsa ci gaban kwarin Azawak ne, kuma a Tukunus, tafiya kaɗan arewa da Filinge, akwai gidan kiwon gwamnati da tun zamanin mulkin mallaka yake tace irin shanun Azawak, jajayen nan masu nono da har maƙwabtan ƙasashe suke nema. Mutum nawa ne daga cikin masu mafarkin Ingal suka taɓa kai ƴaƴansu can? Kokowa ma haka. Takobi reshe ne. Tushen yana dandalin ƙauye bayan girbi, da wasannin tace gwanaye da ake yi daga ƙananan hukumomi kafin a tsayar da goman jiha. Wanda ya zo gida da kaka zai ga kokowa a tsaye kusa da fage, ba tikiti, kuma mai yiwuwa ɗan ƙanensa ne a ciki.

Bikin 18 ga Disamba mai zagayawa shi ne misalin da ɓangarorin biyu suke ja. Daga Dosso Sogha a 2014, Maradi Kolliya a 2015, Agadez Sokni a 2016, Tahoua Sakola a 2017, Zinder Saboua a 2018, aka zo Tillabéri Tchandalo a 2019. Masu biki suna nuna tituna da fitilu da gine-ginen da garuruwan suka samu. Masu kaucewa suna tambaya: daga abin da aka zuba a birnin Tilaberi, can bakin kogi, me ya iso Kurfai? Ɗan Filinge da zai je babban birnin jiharsa galibi sai ya fara gangarowa Yamai tukuna.

Ina ganin akwai wani tsohon tabo a ƙarƙashin wannan ƙyamar ta kallo. Bautar Hauka, wadda masu ita suke hawan iskokin da ke kwaikwayon gwamna da kwamanda da sojan Turawa, a ƙasar Filinge ta ɓullo wajen 1925, hukumar Faransa ta kama mabiyanta ta tsare. Ƴan bida suka tafi da ita Gwalkwas, Gana ta yau, inda Jean Rouch ya ɗauke ta a fim a Accra a tsakiyar shekarun 1950. Duniya ta kalla, ta yi ta muhawara a kai, amma kaɗan ne suka tambayi halin da ƙauyukan da abin ya fito suke ciki. Mutanen da aka taɓa kallo haka ba abin mamaki ba ne su yi tambaya kafin su je kallon wasu.

Abin da ya fi ƙarfin kowa

Duk wannan gardama an fara ta ne lokacin da hanya take lafiya. Tun 2017 wasu sassan jihar Tilaberi suke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, daga baya ta iso Filinge. Ranar bikin Tchandalo kanta ta zo ne kwana takwas bayan harin Inates na 10 ga Disamban 2019, inda sojoji 71 suka rasu. A farkon 2020 aka hana hawan babur a yankuna da dama na jihar, ana sassautawa ana maidowa, alhali babur ne ke kai mutum daga bakin kwalta zuwa ƙauyensa. A ranar 9 ga Agustan 2020 aka kashe mutum takwas, Faransawa shida da ƴan Nijar biyu, a dajin raƙuman dawa na Kure, wurin da mutanen Yamai suka saba zuwa shan iska. Iyakar Benin kuma an rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023, abin da ya tsawaita hanyar masu zuwa daga gaɓar teku ya kuma ƙara mata tsada.

Kowane ɓangare ya ɗauki wannan ya mayar hujjarsa. Masu biki sun ce da salla motoci suna da yawa a hanya, jami'an tsaro suna cikin shiri, tafiya cikin jama'a ta fi tafiyar kaɗaici. Masu kaucewa sun ce ranar da kowa ya san masu kuɗi za su sauka ita ce ranar da bai kamata a sauka ba. Gaskiyar da na sani ita ce yanzu ba kalanda ke yanke ranar tafiya ba, kiran waya ne zuwa gida da daddare: “Yaya, hanya fa?” In ya ce a dakata, an dakata, ko da an riga an sayi rago.

A auna

In aka zauna aka tace, sai a ga ɓangarorin ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Zuwa gida daban, fita ganin ƙasa daban.

A kan ganin ƙasa, ina ganin masu biki sun fi gaskiya, da sharaɗi. Gaskiya ne taron Ingal na kwana uku ba shi ne rayuwar makiyayi ba, amma baƙon da ba shi da dangi a daji ba shi da wata ƙofar shiga sai ita, kuma a kwanakin ne ake samun mota da rakiya. Sharaɗin shi ne a zaɓi ɗaya, kada a ce za a haɗa su duka. A 2018 da 2019 Ashura, wadda ake Biyanu a kwanakinta, ta faɗo a watan Satumba, mutum yana iya ganin Biyanu a Agadas ya wuce Ingal a tafiya guda. A 2025 ta faɗo farkon Yuli, tsakaninta da shan gishiri fiye da wata biyu, kuma sai an shekara kusan ashirin da biyar kafin su sake haɗuwa. Ranakun da gwamnati ke sawa kuma suna iya motsi, ga ganin wata da kan sa salla ta matsa da kwana ɗaya. Mai neman izinin hutu a wurin aiki wata uku kafin lokaci yana ɗora shirinsa ne a kan ranar da ba a tabbatar ba tukuna.

A kan zuwa gida kuwa zuciyata ta fi karkata ga masu kaucewa, ko da yake ban yarda da duk lissafinsu ba. Hujjar kuɗi ba ta gamsar da ni, don wanda ya ƙi zuwa da salla yakan aika kuɗin ragon duk da haka. Wadda ta kama ni ita ce ta gani. Mutumin da shekara goma a jere bai taɓa kwana a garinsu ba sai da salla, ya san sunayen mutane amma bai san halin da suke ciki ba, kuma shi ne za a kira gobe a ce ya sa baki a maganar rijiya ko makaranta. Sai dai in aka tambayi tsofaffin da kansu, da yawa za su ce a zo musu da salla, domin ranar ce maƙwabta suke ƙirga ƴaƴan wa suka zo, na wa ba su zo ba. Wannan ciwon ba a auna shi da buhun hatsi, kuma ba ni da bakin da zan ce wa uwa ta yi kuskure.

Wata kuma yana shirin sake dagula lissafin. A 2015 layya ta zo a ƙarshen Satumba, ana gab da girbi, dabbobi sun ƙoshi, ƴan bida suna gida. A 2025 ta zo farkon Yuni, daidai lokacin da masu cin rani suke dawowa jiran ruwan shuka, sai tafiya ɗaya ta biya bukata biyu, gardamar ta ɗan yi sanyi. Nan da 2030 za ta koma tsakiyar Afrilu, cikin zafin da ke wuce digiri 40, ciyawa ta ƙare, rago ya rame ya kuma yi tsada, ruwan sama saura fiye da wata biyu. Mai hutun wata guda ba zai iya ganin idi ya kuma ga shuka ba, ƴaƴansa ma suna tsakiyar karatu, don babban hutun makaranta sai Yuli. A shekarun nan kowane gida zai sake zama ya yanke wanda zai zo da salla da wanda zai jira damina.